Ruwan na kowa ne, to bakin ruwan fa? Abin da ya tsaya min a rai a Muskoka

Watan Yulin da ya wuce na kwashi iyali daga Toronto muka nufi Muskoka, wani yankin tafkuna a nan Kanada, tafiyar kamar awa biyu ce arewa in ba a haɗu da cunkoso a titin 400 ba, mu kam mun haɗu da shi don ranar Asabar ce. Niyyar ba wata babba ba ce, a samu gefen tafki a shimfiɗa tabarma, yara su tsoma ƙafa a ruwa, a ci shinkafar da mamansu ta zubo a kula, a yi azahar a juyo.

Ruwan muna ta hango shi ta tsakanin bishiyoyi yana ƙyalli, amma duk ƴar hanyar da ta gangara wajensa sai ka tarar da allo an rubuta hanyar gida ce ba a shiga. Mun fi minti arba'in muna zagaye a haka. Daga baya mun samu wani wurin wanka na jama'a, akwai su ba na ce babu ba, sai dai ɗan tsukukun wuri ne kuma mutane sun cika shi maƙil, ko inda za ka aje mota babu.

Da la'asar muka hau jirgin ruwan yawon buɗe ido daga garin Gravenhurst, a nan ne na ga tafkin ta fuskarsa. Ƴata ƙarama ta nuna wani gini mai bene zaune a kan ruwa, gilashi tun daga sama har ƙasa, ga baranda ga kujeru ga lema, ta ce Baba dubi gidan wani a cikin ruwa. Wani dattijo Bature da ke kusa da mu ya ce mata ai wannan ba gidan ba ne, ɗakin aje jirgi ne, gidan yana can sama bayan bishiyoyi. Wallahi tun daga lokacin maganar ba ta bar kaina ba.

Bari in faɗi matsayata tun yanzu kada a ce na yi kwana-kwana. Ba na adawa da mai kuɗi ya gina gidan hutu, ba na adawa ya yi wa jirginsa rumfa. Abin da nake ƙi shi ne a gina cikakken gida na biyu a kan ruwan jama'a a laƙaba masa suna ɗakin jirgi, a jera su ɗaya na bin ɗaya har su zama katanga tsakanin mutane da tafki. Tsofaffin da suke nan a kula da su, suna da daraja. Sababbi masu falo da ɗakunan kwana a saman ruwa ya kamata a daina ba da izininsu, kuma ƙananan hukumomi su daina sayar da ɗan zirin ƙasar bakin ruwan da ya rage a hannunsu.

A taƙaice, yadda aka zo nan

Muskoka yanki ne a jihar Ontariyo, manyan tafkunansa uku ne, Muskoka da Rosseau da Joseph, kuma a haɗe suke jirgi na iya ratsawa daga wannan zuwa wancan. A 1868 gwamnati ta yi dokar raba fili kyauta ga duk wanda zai zo ya share daji ya yi noma. Mutane suka zo, suka sare itace, sai suka tarar ƙasar falalen dutse ce da ɗan turɓaya a sama, garma ba ta shiga. Da yawa sun tattara sun bar wurin, waɗanda suka zauna kuma suka gane baƙin da ke zuwa kamun kifi da shan iska sun fi gona kawo kuɗi, sai gidajen manoma suka fara komawa masauki.

Wani ɗan kasuwa, A. P. Cockburn, ya saka jirgin tururi na farko mai suna Wenonah a tafkin a 1866, jirgin ƙasa ya iso Gravenhurst a 1875, shi ke nan hanya ta buɗe. Attajiran Toronto suka zo, irin su Timothy Eaton mai manyan kantuna da ya yi gida a Windermere. Masu masana'antun Pittsburgh ta Amurka suka tsallako suna gudun hayaƙin garinsu suka mamaye wajen Beaumaris, inda har yau ake ce wa layin miloniyoyi. Gidajen nan suna kiran su kotej, asalin kalmar ƴar ƙaramar bukka ce ta ƙauye, amma wasu ɗakunan kwanansu sun haura goma.

Zauren gida ne a da

Wannan wurin zan ɗan daɗe a kai, don idan ba a fahimci dalilin tsohon ɗakin jirgi ba, ba za a ga abin da ya lalace a sabon ba.

A wancan zamanin babu titin mota da ya isa yawancin gidajen, wasu ma a tsibiri suke. Ta ruwa ake zuwa, ta ruwa ake tafiya. Jirgin tururi ne ke kawo baƙi da akwatunansu da wasiƙu, akwai jiragen da ke yawo da kayan masarufi kamar kanti mai tafiya, su tsaya ƙofa-ƙofa. Saboda haka fuskar gida ruwa take kallo, bayan gida ne ke kallon daji. Ɗakin jirgi shi ne zaure, nan baƙo zai fara sauka, nan ake sallama, nan mai kawo kaya zai tsaya.

Kuma jirgin lokacin yana buƙatar ɗakin da gaske. Na katako ne, mahogani, dangin maɗacinmu, an goge shi an shafa masa man ƙyalli shafi a kan shafi har kana ganin fuskarka. Ditchburn a Gravenhurst, Minett-Shields a Bracebridge, Duke a Port Carling, waɗannan maƙeran jirgi ne da har yau masu tara kayan tarihi ke rububin aikinsu. Irin wannan jirgi in ka bar shi rana ta dake shi ruwan sama ya jiƙa shi, shekara kaɗan katakon zai tsattsage. Dole a yi masa rufi, dole a samu inda za a ɗaga shi sama da sarƙa kafin ruwa ya daskare. Ɗan ɗakin da ke sama kuwa sau da yawa na mai kula da jirgin ne ko ma'aikata, ko samarin gida da aka kora can don su bar manya su yi barci.

Mahaifina kafinta ne, na tashi cikin ƙamshin katako, shi ya sa na tsaya na kalli tsofaffin nan da kyau. Gajeru ne, rufinsu mai gangara ne sosai don ƙanƙara ta zame, an lulluɓe su da ƙananan falankai jere-jere kamar ɓawon kifi, fentinsu kore mai duhu ko ruwan ƙasa ko fari, tagogi ƙanana, ƙofofin jirgi masu baka a sama. An ɗora su a kan akwatunan gungume da aka cika da duwatsu aka nutsar. In ka hango su daga nesa sai ka ga kamar sun tsuguna a gindin bishiyoyi, ba su fi bishiyar tsayi ba, ba su yi mata gardama ba. Wanda ya yi su ya san aikin da za su yi, girman jirgi shi ya yanke girman ɗaki.

Sababbin fa? Turakun ƙarfe ake kafawa har cikin dutsen ƙasan ruwa, a ɗora ƙarfe a kai, a zagaye da gilashi, rufi shimfiɗaɗɗe don a samu wurin zama a sama. Ƙasa ramin jirgi uku ko huɗu, sama falo da ɗakin kwana da banɗaki da wurin shaye-shaye. Jiragen da ke ciki yawanci na roba ne mai tauri da alminiyom, waɗanda in ka ja musu tamfol ya wadatar. Wato yanzu jirgi ne hujjar samun bene a kan ruwa, ba benen ne ke yi wa jirgi hidima ba. Kuma baƙo ta mota yake zuwa ta bayan gida, get ɗin ƙarfe ne ke tarbarsa. Zauren ya tashi daga wurin karɓar mutane ya koma wurin nuna wa masu wucewa cewa ga mai shi.

A garuruwanmu mai hali in ya gina gida, ko ya so ko bai so ba ginin yana ba unguwa wani abu, ga dakali a ƙofa tsofaffi su zauna, ga inuwar katanga, wani ya fito da famfo waje mutane su ɗiba. Ba na cewa duk masu kuɗinmu haka suke, yanzu ma da yawa sun koma doguwar katanga da waya mai lantarki. Amma da wannan idon na tashi ina auna gini, me ya ba wanda ba nasa ba. Da na auna sabon ɗakin jirgin Muskoka da shi ban ga komai ba sai abin da ya ɗauke.

"Ai kuɗinsa ne, filinsa ne"

Wannan ce amsar farko da kowa ke ba ni, har abokan aikina. Kuɗinsa ne, gaskiya ne. Filinsa ne, a nan aka kuskure.

Filin da ya saya a tudu yake. Ɗakin jirgin a kan ruwa yake, kuma a Ontariyo ƙasar da ke ƙarƙashin yawancin tafkunan nan ba ta mai gidan gefe ba ce, ta gwamnati ce, su suna cewa ƙasar Sarauta, ma'ana ta jama'ar jihar baki ɗaya. Direban bas a Toronto da bai taɓa ganin tafkin Joseph ba yana da rabo a wannan ƙasar daidai da mai benen. To ka ga mutum ya ɗora falonsa a kan filin da ba nasa ba. A 2015 wata kotu a Ontariyo, a shari'ar da ake kira Glaspell, ta taɓo wannan batu kai tsaye a kan wani ɗakin jirgi da aka gina a wani tafkin daban, ta nuna ba daidai ba ne hukumomi su kau da kai a kan gine-ginen da ke zaune a saman ƙasar jama'a kamar babu mai hurumi a kansu.

Kwatanta da maƙwabcinka da gidansa ke bakin titi, ya fito da rumfa don motarsa, an yi shiru, shekara ta zagayo ya ɗora ɗaki a saman rumfar, ya sa labule ya sa gado, rabin titin ya shiga ƙarƙashinsa. In ka yi magana ya ce ai kuɗina ne. Ba wanda ya ce kuɗinka ba ne, titin ne ba naka ba.

Akwai wani abu kuma da ya fi ba ni haushi da na gano shi. Lokacin da masu safiyo suka auna yankunan nan a ƙarni na 19, a wurare da yawa sun ware ziri mai faɗin ƙafa 66, kusan mita 20, a bin bakin ruwa, suka bar shi a matsayin hanyar jama'a. Kamar burtali ke nan da aka bar wa kowa ya wuce ya isa mashaya. Ba a taɓa yin titi a kan yawancinsa ba, wani ɓangaren ma ruwa ya cinye da aka yi madatsu, amma a takarda na jama'a ne. Me aka yi da shi? Doka ta ba ƙananan hukumomi dama su rufe shi su sayar wa mai gidan da ke bayansa, kuma shekara da shekaru ana yi, gutsure-gutsure, a wasu wuraren ma sai ka saye shi kafin a ba ka izinin gini a bakin ruwa. Waɗanda suka auna ƙasar sun hango za a buƙaci hanya, jikokinsu suka sayar da ita. Duk wanda ya ga yadda gonaki suka cinye burtali a wajenmu ya san abin da ke biyo baya, abin da aka rufe ba ya sake buɗuwa cikin sauƙi.

"Doka ta yarda"

Ta yarda, kuma ba na cewa mutanen nan ɓarayi ne, yawancinsu da takardunsu. A ƙaramar hukumar Muskoka Lakes sai filinka yana da bakin ruwa ƙafa 300 kafin a bar ka ka ɗora bene a ɗakin jirgi, an ƙayyade faɗin wurin zaman da ke sama, an kuma hana yin kicin don kada ya zama gida mai zaman kansa. Amma ka duba dokar da kyau, wa ke da bakin ruwa ƙafa 300 a tafkin da fili ke cin miliyoyin daloli? Dokar ba ta ce kada a hau ruwan jama'a ba, cewa ta yi wanda ya fi kowa kuɗi shi ne zai hau. Batun kicin kuwa, ɗakin da ke da firij da famfo da teburin cin abinci, rashin murhu ba ya mayar da shi gareji. Doka mutane ne suka rubuta ta, ita nake cewa a gyara.

"Su ke ba mutanen wurin aiki"

Wannan hujjar tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Mazauna gundumar Muskoka na dindindin sun ɗan haura 66,000 a ƙidayar 2021, masu zuwa hutun bazara sun fi su yawa, kuma tattalin arzikin wurin a kansu ya rataya. Kafintoci, magina, masu walda, masu jan kaya a kan ruwa, masu gyaran inji, masu shara, masu yankan ciyawa, duk daga nan suke ci. Harajin gidajen bakin ruwa ne ke ɗauke da kaso mai yawa na kuɗin ƙananan hukumomin. Ni da na ci abinci da kuɗin kafinta ba zan so a kashe wa kafinta kasuwa ba.

Amma ina aikin zai je in an hana bene a kan ruwa? Mai son ƙarin ɗakin baƙi zai gina shi a tudu, a filinsa, kafintan nan dai zai kira. Gyaran tsofaffin ɗakunan jirgi ma ya fi cin gwaninta da lokaci fiye da haɗa ƙarfe da gilashi. Aikin ba ya gudu, matsawa yake yi taku talatin baya.

Sannan a tambayi ma'aikatan su kansu ina suke kwana. Sanannen abu ne a yankin cewa gidan haya ya yi wuya ya yi tsada, masu gidajen abinci da otal suna kukan ba sa samun ma'aikata don ba wurin da za su zauna. Matashiyar da ke wanke gilashin benen da ake kwana a cikinsa sati shida ko takwas a shekara, ita tana tuƙo mota daga nesa kullum ko tana raba ɗaki da mutum uku. Ɗakuna a kulle wata tara suna kallon ƙanƙara, masu yi musu hidima ba su da ɗaki. In wannan ne amfanin da ake cewa yana gangarowa, to bai gangaro da yawa ba.

"Amma fa suna da kyau"

Wasu suna da kyau ƙwarai, na riga na faɗa. Kuma na san abin da masu wannan magana ke nufi, cewa dukiyar jiya ita ce kayan tarihin yau. Misalin da aka fi kawowa shi ne na George Boldt, mai gudanar da otal ɗin Waldorf-Astoria a New York, da ya gina wa jiragensa wani ƙaton gida a tsibiran kogin St. Lawrence, tsayinsa ya isa jirgi ya shiga da dogon sandan filafilansa a tsaye. Matarsa ta rasu a 1904 ya dakatar da ginin fadar da yake yi mata, wurin ya zauna kango sama da shekara 70, sai a 1977 wata hukuma ta karɓa ta fara gyarawa. Yau kowa na iya sayen tikiti ya shiga ya gani.

To ai hujjar tawa ce wannan. Ginin ya zama abin alfaharin jama'a ne ranar da aka buɗe wa jama'a ƙofa. Kuma guda ɗaya ne. Ɗakin jirgi ɗaya a lungun tafki ado ne, ɗari biyu a jere katanga ce. Abin da ya kawo Eaton da mutanen Pittsburgh tun farko shi ne dutse da bishiya da ruwa shiru, kowane sabon bene yana gutsurar abin da shi kansa mai benen ya biya kuɗi don ya kalla. Da dare ma fitilunsu a kunne, ruwan ya koma kamar filin ajiye motoci.

Bakin ruwa ba fanko ba ne

Mu da muke kallo daga jirgi muna ganin kamar ba komai a wurin sai laka da ciyayi. Nan ne ɗakin haihuwar tafki. A ruwa marar zurfi kifi ke zuba ƙwai, a cikin ciyayin da gungumen da suka faɗo ƴaƴan kifi ke ɓuya, kwaɗi da kunkuru a nan suke. Tsuntsun nan da ke jikin tsabar dala ɗaya ta Kanada, lun, ƙafafunsa can baya suke, ba ya iya tafiyar kirki a tudu, dole sai daf da ruwa yake yin sheƙa. In an share bakin an kafa gini, ko igiyar ruwa daga babban jirgi ta taso ta shanye sheƙar, ƙwan ya tafi.

In za a yi adalci, turakun ƙarfe sun fi tsofaffin akwatunan duwatsu barin ruwa ya wuce ta ƙasa, wannan ci gaba ne. Sai dai ginin ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana zuwa da sare bishiyoyi don a buɗe wurin kallo, da fasa dutse, da shimfiɗa ciyawar ado har bakin ruwa a riƙa zuba mata taki, takin kuma ruwan sama ya wanke shi cikin tafki. Ga injin da ake sakawa yana motsa ruwa duk hunturu don kada ƙanƙara ta kama turakun, ya bar ƙanƙarar kewaye ta yi siriri, masu tafiya a kai da ƙafa ko da babur ɗin ƙanƙara su shiga haɗarin da ba su suka jawo ba.

Ruwan ma ya nuna iyakarsa. An yi ambaliya a 2013, an yi a 2016, sannan ta watan Afrilun 2019 ta fi su muni, har Bracebridge da Huntsville da Muskoka Lakes suka ayyana dokar ta-ɓaci. Ruwa ya hau, ƙanƙara ta tura, ɗakunan jirgi suka karkace wasu suka ruguje, katako da tarkace da tankunan mai suna yawo a tafki. A 2016 wasu masu gidajen sun kai gwamnatin Ontariyo ƙara suna neman diyyar dala miliyan 900, wai ba ta kula da matakin ruwa yadda ya kamata ba. Na tausaya wa duk wanda ya yi asara, asara ba daɗi. Amma mutum ya gina a cikin ruwa, a kan ƙasar jama'a, ruwa ya yi halinsa, sannan a ce jama'a su biya, wannan lissafin ban gane shi ba.

"Hassada ce kawai, kuma kai baƙo ne"

Na tambayi zuciyata wannan da gaske kafin in zauna rubutu. Ba benen nake so ba, da an ba ni shi ban san me zan yi da shi ba. Abin da na so a ranar nan shi ne wurin da ƴaƴana za su taɓa ruwa ba tare da na ji kamar na shiga gonar wani ba. Mu an tarbiyyantar da mu da hadisin da ya ce mutane suna tarayya a abu uku, ruwa da ciyawar kiwo da wuta. Ban ce Kanada ta yi hukunci da shi ba, amma dokarsu ma da ta ce tafki na kowa ne abu ɗaya take faɗa. Ruwan da aka ce naka ne amma ba ka da ta inda za ka isa gare shi, sunan mallaka kawai aka bar maka.

Batun baƙunta kuma, a nan nake zaune, a nan nake biyan haraji, a nan aka haifi ƙaramar. Kuma in ana maganar wanda ya riga wani, akwai waɗanda suka riga kowa. Sunan Muskoka kansa ana danganta shi da wani shugaban mutanen Anishinaabe ne, ƴan asalin ƙasar. A tafkunan nan suke kamun kifi da farauta kafin yarjejeniyoyin da gwamnati ta ƙulla da su a 1850 da 1923 su raba su da ƙasar, kuma ta 1923 ɗin an yi amfani da ita aka hana su farauta da kamun kifi a wuraren kakanninsu shekaru masu yawa, sai a 2018 gwamnatocin Kanada da Ontariyo suka sasanta da al'ummomi bakwai a kan dala biliyan 1.11 tare da neman afuwa. Katangar da na ci karo da ita ta awa ɗaya, su sun fi shekara ɗari suna kallonta.

Ba sai an kori kowa ba

Akwai inda aka yi, kuma masu kuɗi ba su gudu ba. A jihar Wisconsin ta Amurka akwai tafkin Geneva, wurin hutun attajiran Shikago tun bayan gobarar 1871, iyalan Wrigley masu cingam suna cikin masu gidaje a can. Amma akwai hanyar ƙafa da ta zagaye tafkin gaba ɗaya, sama da mil 20, tana ratsa gaban manyan gidajen, kowa yana da ikon bi muddin bai sauka daga kanta ba. Tsohuwar hanyar ƴan asalin wurin ce aka ƙi rufewa. Gidajen ba su faɗi a kasuwa ba, suna cikin mafi tsada a yankin. A Suwidin doka ta kare mita 100 daga bakin ruwa, ba ka gini a ciki sai da dalili na musamman. Faransa ma tun 1986 tana da irin wannan doka a bakin teku da manyan tafkuna.

Muskoka ba za ta koma haka dare ɗaya ba, an riga an sayar da da yawa. Amma abin da ya rage na zirin ƙafa 66 a daina sayarwa. Inda tsohuwar hanyar safiyo ta gangara ta taɓa ruwa a share ta a sa allo a yi wurin aje mota ko na guda biyar ne. Sabon ɗakin jirgi ya tsaya hawa ɗaya, iya jirgi. Wanda ya riga ya mallaki bene a kan ƙasar jama'a ya biya haya ta gaske duk shekara, a tara kuɗin a sayi filayen bakin ruwa a buɗe wa kowa. Tsofaffin na katako a taimaka wa masu su su gyara maimakon a rushe a kafa gilashi.

Na san inda gizo ke saƙar. A Ontariyo wanda ya mallaki gida a ƙaramar hukuma yana da ƙuri'a a zaɓenta ko da ba a can yake zaune ba, kuma masu gidajen hutu suna da ƙungiya mai ƙarfi tun 1894. Kansilan da zai ce a hana bene ya san su waye za su zaɓe shi ko su kayar da shi, ni da direban bas ɗin nan ba mu da ƙuri'a a Port Carling. Amma ƙasan tafkin ba ta kansila ba ce, a hannun gwamnatin jiha take, kuma ɗan majalisar jiha na unguwarmu a Toronto da ƙuri'ata ya shiga. Wasiƙar da na rubuta masa tana kan tebur, gobe in Allah ya kai mu zan aika.